Hannun Yaya Ladi a Kan Amsa

Wata Laraba ce a tsakiyar daminar shekarar korona, makarantu duk a rufe, na bi yayata Ladi muka hau dutsen da ke bayan gidanmu a Rikoto, don a can kaɗai wayar Mama ke samun sabis. Shekarata goma sha biyu, ita kuma tana ajin ƙarshe na sakandare. Dawowarmu daga gona ke nan, ƙafa duk taɓo. Ta goge hannu a zane, ta buɗe saƙon da malamin lissafi ya turo wa 'yan ajinsu. Hoton takarda ne, tambayoyi a sama, amsoshi a ƙasa, don kowa ya duba aikinsa in ya gama. Sai na ga ta sa tafin hannu ta rufe ƙasan wayar, ta kwafe tambayoyin a littafi, ta kashe ta miƙo mini.

Gaskiya haushi ya kama ni. Yaya Ladi aikin jinya take son karantawa, kuma in ta faɗi lissafi, zancen ya ƙare. Ga shi lissafin nan ba ya shiga kanta ko kaɗan. Abokan karatunta kullum goma bisa goma suke bugowa, har waɗanda na san ba su iya sau bakwai ba, ita kuwa sai ta rubuta huɗunta ko biyar ta aika kowa ya gani. Na ce mata ta leƙa ko ɗaya ce mana, ai babu mai ganinta a kan dutse sai awaki. Ta ce, "Ran jarrabawa wa za ya riƙe mini waya?"

Haka ta ci gaba har dawa ta fid da kai. Tana tuƙa tuwo littafi na kan kujera, tana surfe tana bitar wani abu a baki, mu muna can ƙofar gida muna 'yar carafke muna yi mata dariya. Wata rana na same ta bayan rumbu tana hawaye a kan tambaya guda, wayar tana gefenta a kashe, amma ba ta taɓa ta ba. Tun daga ranar na daina tsokanarta, na riƙa ɗebo mata ruwan da aikinta ne ta ɗebo ba tare da ta roƙe ni ba.

Da sakamako ya fito ta ci lissafi, da ƙyar dai, amma ta ci. Mama ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Yau ni ma ta intanet nake karatun jami'a, ga wayata, ga sabis har cikin ɗaki, kowace amsa tana nan a bakin yatsa. Sau da yawa nakan leƙa, in ji kunya ni kaɗai. Na kai shekarun Yaya Ladin wancan lokaci, amma har yanzu ban kamo ta ba.