Ranar da Injin Ya Daidaita

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau da yawa nakan ɗauki alƙalami in ajiye, don tsoron kada in faɗi abin da ban tabbatar ba a kan mamaci. Iyakar karatuna elementare, inji kuma ban san shi ba. Amma 'ya'yan yayana sun manyanta, har yau a unguwa akwai masu ce musu 'ya'yan mashayi. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da ya faru.

A wancan zamani motocin birni ba su da yawa. Yayana direba ne na wani attajiri mai fataucin baƙin yadi, yana tuƙa masa ƙaramar motar kaya, irin wadda yanzu ake ce wa a-kori-kura. Shi ne direba, shi ne makaniki. Ana ajiye ta a wani ɗakin ƙasa mara taga kusa da Ƙofar Mata, bango ɗaya da mabuga, masu dukan rinannen yadi da gudumar itace daga safe har yamma.

Sai motar ta kama ciwo. A kan hanya lafiya lau take tafiya, amma da ta tsaya injin sai ya riƙa karkarwa, ya yi sama ya yi ƙasa, ya mutu. Yaya ya sauko ya murza ƙarfen tayarwa, jama'a sun kewaye shi suna dariya. Attajirin ya ji kunya.

"Kada ka ƙara buɗe mata ciki a bainar jama'a," in ji shi. "Bakin mutane ne ya kama ta. Ka gyara ta a ɗaki."

Yaya ya fara da fulogi, masu ba inji wuta. Ya kwance su, ya kankare baƙin da ke kansu, ya mayar. Ba ta canza ba. Ya tace fetur ta cikin farin ƙyalle ko akwai ruwa a cikinsa, babu. Ya kwance kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, ya hura ƙananan ramukansa da baki. Duk da haka tana karkarwa.

Nakan biyo masa da abinci idan na taso daga rumfata a Ƙofar Wambai. Ran nan na tarar ya tura ƙyaure, ya toshe ƙasansa da buhu, injin yana aiki.

"Yaya, ba ka jin hayaƙi?"

"Kai dai da tsoro aka haife ka," ya ce. "Wannan har hayaƙi ne? Ɗakin girkin Inna ya fi shi, ga ta nan garau. Wannan ko ido ba ya sa wa yaji. Ni kunne nake nema. Waɗannan mabugan sun hana ni jin numfashin motar."

Mu abin da muka sani, hayaƙi mai cutarwa shi ne mai sa tari da hawaye.

A kwanakin nan ne mutane suka fara magana. Yakan fito daga ɗakin yana tangaɗi, yana riƙe da kai, wani lokaci ya yi amai a gindin bango. Sau ɗaya ya yi tuntuɓe a ƙofar masallaci. Wani marini ya ɗaga murya ya ce, "Malam direba, Nasara ya koya maka mota, ya haɗa maka har da kwalbar?" Aka kwashe da dariya. Yaya ya wuce abinsa. A gida ya rantse wa Inna bai taɓa sa giya a bakinsa ba. Ya ce zazzaɓi ne, kuma idan ya sha iska yakan sake shi.

Ranar ƙarshe da safe na gan shi da fara'a.

"Na kama ɓarawon," ya ce. "Iska take sata."

Ya nuna mini wata 'yar shimfiɗa da ke tsakanin kafireto da jikin inji, ta tsage, iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Da ya shafa sabulu a wurin sai injin ya lafa na ɗan lokaci. Ya sayo jemammiyar fatar akuya wajen dukawa, ya yanka daidai wurin. Abin da ya rage, in ji shi, ya zauna ya saurara yana juya 'yar kusar mai a hankali har muryar ta daidaita.

Da la'asar na dawo. Tun daga waje na ji injin yana tafiya sumul, babu karkarwa ko kaɗan, har na yi murna. Na yi sallama, shiru. Na tura ƙyauren. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da taya, sukuddireba a hannunsa, kamar mai gyangyaɗi. Na ja shi waje, ni ma kaina yana juyawa. Bai farka ba.

Waɗanda suka yi masa wanka ba su ga rauni ba, ba su kuma ce sun ji warin komai ba sai fetur. Amma maganar ta riga ta zauna. Wasu dattawa sun tsaya nesa wajen sallar jana'iza. Motar kuwa ta ci gaba da aiki da fatar da ya sa mata, a hannun wani direba, a fili.

Daga baya wani tsohon direba ya ce mini ya taɓa jin hayaƙin mota yana kashe mutum a rufaffen wuri. Amma ji ya yi, bai gani ba, ni kuwa ba na son in wanke yayana da jita-jita kamar yadda aka ɓata shi da ita.

Don haka nake roƙo. Duk likita ko makaniki da ya san tabbas ko hayaƙin inji yana sa mutum tangaɗi da amai kamar mashayi, ya kuma ɗauke shi ba tare da tari ba, ko wanda ya taɓa ganin irin wannan da idonsa, don Allah ya sanar da ni. Ina so in gaya wa 'ya'yansa tun ina da rai.