Ƙyallen Ikilima

Ikilima ta Beli ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa. Shekarar da aka bi gida-gida ana ɗiban yara zuwa makarantar boko, ni aka ɓoye ni a rumbu, ita aka kama ta a bakin rijiya. Ba wani karatun kirki ta fito da shi ba, kar a yi muku ƙarya. Allura ta iya.

Wata malama ce ta raba musu ƙyallen alawayyo, ta ce kowa ta gwada ɗinki iri-iri. Sauran yara suka yi jagwalgwalo. Ikilima ta jera haruffan nan nasu, ta yi zabuwa da 'ya'yanta, ta yi zangarniyar dawa da jan zare, can ƙasa ta ɗinka sunanta. Ni ban san harafi ba, amma na san zabuwa, kuma wannan saura kaɗan ta yi kuka.

Daga nan sai ɗinkin hula. Da shi ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta Ilu, da shi ta yi wa ɗanta Kabiru aure. Mazan garin Rogo sun sha taƙama da aikinta a kansu, ba su ma san kamanninta ba. Allurar ta ci idon a hankali har ya rufe ruf. Abin da ya rage mata na gani shi ne ƙyallen nan. Kullum da hantsi ta ciro shi daga adaka ta bi shi da yatsa: ga zabuwa, ga dawa, in ta kai kan sunan ta ce ga ni.

To makarantun yanzu, in an ce a kawo aikin hannu, tsintsiya yaro ke sayowa ya miƙa, a ba shi maki, malamai su raba kayan. Da aka ce ajin Sadiya, jikar Ikilima, su kawo nasu, uwarta Rabi'atu, matar Kabiru, ta ga asara ce a sayi tsintsiya ga ƙyalle kwance a adaka. Ta sa reza ta farke sunan, ta ba yarinya.

Washegari Ikilima ta lalube adaka har ƙasa.

"Wa ya taɓa min kaya?"

Sadiya ta ce, "Ke tsohuwa, da wane idon kike kallonsa? Ni na zo ta ɗaya da shi, ki yi min barka."

Rabi'atu ta ce, "Inna, tsumma ne fa. In kawo miki wani zanen ki shafa?"

Kabiru ya ce zai duba, ya sa takalmi ya tafi kasuwa.

Ikilima ta daina cin abinci. Sai a ajiye mata tuwo, kaji su cinye. Na yafa mayafi na tafi makarantar. Na tarar da malamin ajin a gindin darbejiya yana goge babur ɗinsa da shi.

"Malam, sannu da aiki. Wannan da kake dirzar ƙarfe da shi ya girme ka, nesa ba kusa ba."

"Iya, ai an riga an ba da maki."

"Riƙe makinka, ba ni tsumman."

Na wanke, baƙin mai ya ƙi fita. Na ce oho, ba gani take ba. Na ɗora mata a cinya. Ta bi zabuwa, ta bi dawa, fuska ta fara sakewa. Yatsa ya sauka ƙasa. Ya yi dama, ya yi hagu, ba komai sai ramukan allura.

"Hajo, har da ke? Nawa da sunana a jiki."

Na rantse mata. Na ce ke ba ki san ɗinkinki ba? Ta ce ai yara da yawa sun yi zabuwa a ajinsu. Ta miƙo min.

"Mai da wa mai shi, kar a ce na yi sata da tsufana."

Rabi'atu ce ta karɓa. Da shi take sauke tukunya yanzu. Ikilima kuwa tana nan a ɗaki, duk wanda ya yi sallama sai ta tambaye shi ko ya ga nata.