Baba Ina-Motar da Shagon Tsallaken Titi

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda direbobi suka fi sani da Baba Ina-Motar, a shekarar 1949, a wani gari da babbar hanya ta ratsa tsakiyarsa. Mahaifinsa mai gyaran keke ne a bakin tasha, mahaifiyarsa kuwa ɗinkin hannu take yi a cikin gida, kuma shi ne na uku cikin 'ya'yansu bakwai. An sa shi makarantar allo a 1955, sannan firamare a 1957, inda ya yi shekara huɗu yana kallon manyan motoci ta taga, har malaminsa ya haƙura ya shaida wa mahaifinsa cewa zuciyar yaron nan tana tasha.

Shigarsa Sana'a

A 1965 ya zama yaron motar wani direban babbar mota mai jigilar hatsi, ya yi masa hidima cikin biyayya har zuwa 1971, shekarar da tayar gaba ta fashe musu a kan gangara da cikakken lodi. Tayar nan tsohuwa ce da ta suɗe, aka sassaƙa mata sabon zane da wuƙa, aka shafe ta da baƙin fenti, aka sayar wa ubangidansa. Ubangidan ya rasu nan take, shi kuwa ya tsira da karaya a cinya, wadda ta bar shi da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan ya warke ya koma faci a gindin wata bishiya, har Allah ya hore masa ya buɗe shagon sababbin tayoyi a 1980. A nan ne ya samu laƙabinsa, domin duk wanda ya zo da lambar taya a baki, ko da kuwa rawaninsa ya kai rufin shagon, tambayar farko ita ce, "To, ina motar?" Sai ya durƙusa ya karanta lambobin gefen tsohuwar tayar, ya shafa zanenta ya ga ta inda ta cinye, ya tambayi nauyin kayan da ake ɗauka da irin hanyar da ake bi, kwalta ce ko burji. Ba ya ba tifar yashi tayar da ta dace da motar doguwar tafiya, ba ya yarda a ɗaura mai faci a gaba, kuma samari masu son taya mai faɗi don burga sun sha jin cewa shi ba takalmin ado yake sayarwa ba. Idan ba shi da wadda ta dace, yakan kwatanta wa mutum shagon wani dila, ko da ba sa ga maciji da shi. Mutum ne mai taurin kai, wannan kam ko masoyansa ba sa musu.

Aure da Iyali

Ya auri 'yar maƙwabcinsu, wani mai awo, a 1976, kuma ita kaɗai ya zauna da ita. A 1978 suka samu ɗan fari, wanda uban ya yi wa laƙabi da Magaji tun yana cikin zani, don kowa ya san wanda zai gaji sana'ar. Magaji ya tashi a cikin taya, ya iya karanta gefenta kafin ya iya karanta littafi.

Saɓaninsa da Magaji

A 2008, lokacin da sabuwar taya ta fi ƙarfin masu tasi, Magaji ya kawo shawarar su riƙa sayar da na gwanjo masu sauran ƙarko, bisa hujjar cewa direban da aka kora daga shago ba ya ajiye mota, kan suɗaɗɗiyar tayarsa yake komawa da fasinja. Gaskiyar magana hujjar tana da ƙarfi, amma uban ko sauraro bai yi ba. Magaji ya kama shago a tsallaken titi, daidai saitin na mahaifinsa. Ranar da aka sauke kayan farko, Baba ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Wallahi ba ni ba shiga shagon nan, sai dai bayan raina." Daga nan suka koma gaisuwar asuba kawai, ɗa ya tsallako ya durƙusa, uba ya amsa yana duban wani wuri. Abin ya ci wa Magaji rai matuƙa, domin bai taɓa sassaƙa taya ba, kuma burinsa duka bai wuce uban ya shigo ya duba kayan da idonsa ba.

Shekarunsa na Ƙarshe

A 2015 aikin faɗaɗa titi ya ci layin shagunan da na Baba yake ciki. Magaji ya kwashe kayan mahaifinsa ya jera su a ɓangare guda na nasa shagon, ya kafa masa benci da rumfa a bakin ƙofa. A kan bencin nan Baba ya ƙarasa sana'arsa: daga waje yake ba da umarni a fito da taya, daga waje yake sallamar mai saye, idan ruwan sama ya sauko ya ja lema. Direbobi har tsokanarsa suke yi, su ce, "Baba, ko sai an yi maka fasfo ne?" Shi kuwa sai ya ce su kawo motar ya gani. An sha ganinsa yana leƙen tayoyin gwanjon da ake fitarwa, ya karanta shekarar da aka ƙera su a gefe, ya gyaɗa kai a ɓoye. Magaji bai sake roƙonsa ya shiga ba, don kada ya jefa mahaifinsa cikin karya rantsuwa.

Rasuwarsa

Ya rasu a gidansa ranar wata Laraba da hantsi a shekarar 2021, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da biyu, aka yi jana'izarsa bayan azahar, masu faci da direbobi suka cika titi. Da aka dawo daga maƙabarta ne mai ɗakinsa ta kira Magaji cikin ɗaki ta ce masa, "Babanka ya yi kaffarar rantsuwarsa tun kafin ya kwanta, ni na dafa abincin da ya ciyar. Kullum ya fita sai ya ce min yau zai shiga, ya dawo ya ce kunyarka yake ji." Magaji, wanda bai zubar da hawaye a bakin kabari ba, a nan ya durƙushe ya yi kuka.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: Magaji, da mai bi masa direban tirela, da malamar asibiti, da tela, da autarsu da ke karatu, tare da jikoki da dama. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya zuciyar waɗanda ya bari.