Furanni Shida a Ƙofar Kaka Arkadi

Kakana Arkadi tsohon direban jirgin ƙasa ne. An haife shi a birnin Kaliningarad na Rasha, cikin gidan da Jamusawa suka gina kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya kore su, kuma bai taɓa yarda cewa gidan ya zama nasa ba. Duk Lahadi shi da maƙwabcinsa Gennadi sai sun sake yaƙin a kan teburin shayi.

"Da Jamus ta kama Mosko, da yanzu kana goge wa wani takalmi," in ji Kaka.

"Kai kuma da kana share wannan tsakar gidan da kake taƙama da shi, tsoho!"

Gennadi dariya yake yi. Kaka ba ya yi.

Wata ranar bazara wata tsohuwar Bajamushiya, Irmtraut, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce a nan aka haife ta. Ni na karanta Jamusanci a jami'a, don haka Kaka ya tura ni gaba in yi tafinta. Ta miƙa masa furanni. Na ga leɓensa na motsi yana ƙirgawa. Shida. A wajenmu mamaci ake kai wa furanni masu adadin da ya rabu biyu daidai.

"Tasiya, kin gani? Na kabari ta kawo mini," ya ce a hankali. "Gidan ta zo karɓa."

"Kaka, su ba su san wannan ba."

"Wa ya gaya miki?"

Na karɓi furannin, na zare ɗaya na sa a aljihu, suka koma biyar. Sannan ya matsa ta shigo.

Ta daɗe tsaye a kicin tana shafa murhu. Kaka ya ce in tambaye ta: da su suka ci yaƙi, wa ke zaune a nan yau?

"Ni," ta ce. "Kai kuwa da wataƙila ba a ma haife ka ba. Na sha yin wannan tunanin, ba ya mini daɗi."

"Tambaye ta ko tana son gidan," in ji Kaka.

Ta yi murmushi. Ta ce ƙafafunta ba sa hawa bene, kuma 'yarta na jiran ta a Hambug, can Jamus.

Sai da ya sa na sake tambaya. Ya ba ta shayi da zuma, ya raka ta har bakin titi. Washegari ya kira kafinta ya canza kwaɗon ƙofa.