Fugar da Yatsu Suka Kasa Kaɗawa

Mutum uku ne a cikin abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba: mahaifiyata, da ƙaninta Kawu wanda nake zaune a gidansa a Greensboro ta Amurka, sai malamar da take duba aikina na digiri na biyu a fannin tarihin kiɗa.

Sharaɗin kammalawa shi ne in gabatar da bincike, in kuma tsara fuga guda. Fuga salon kiɗan Turai ce ta zamanin Barok, kimanin shekara ɗari uku da suka wuce: murya ɗaya, wato layin kiɗa guda, ta fara, ta biyu ta bi sawunta, har su zama huɗu suna tafiya tare ba tare da karo ba. Tambayar bincikena ita ce, shin gwanayen wancan zamani da abin kiɗa a gabansu suke rubuta ta, ko kuwa daga ka zuwa takarda kawai? Littattafai sun rabu biyu. Na ɗauki ɓangaren takarda, kuma yau na san ba hujja ce ta rinjaye ni ba, burgewa ce.

Domin in tabbatar da ra'ayina, sai na roƙi Kawu ya kai ƙaramin piyanona garejin abokinsa a Pleasant Garden.

"Ranka ya daɗe, Furofesa," in ji shi, yana cusa shi a bayan mota, "wane tela ka taɓa gani ya karɓi ɗinkin salla sannan ya kai kekensa ajiya?"

Wata huɗu na yi a kan teburi da fensir, ƙarar motocin titin Wendover tana shigowa ta taga, ina bin kowace ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya har idanuna suka gaji da layuka. Sau biyu Malama ta tambaye ni ko na kaɗa na ji. Sau biyu na kauce.

A ƙarshen Afrilu mahaifiyata ta iso daga Zariya domin bikin yaye mu, da babbar rigar da ta sa aka ɗinka mini. Kwana uku bayan haka Malama ta kira ni gidanta a Summerfield, inda take da hafsikod, kakan piyano, domin ta gwada aikin kafin kwamitin jarrabawa ya zauna. Kawu ya kai mu. Shi da mahaifiyata suka zauna a falo, ƙofa a buɗe.

Shafin farko ya tafi lafiya. A na biyu, inda murya ta huɗu ta shigo, kiɗan ya tsaya. Ta koma baya, ya sake tsayawa a nan. Ta miƙa yatsunta iyakar miƙuwa, sannan ta cire tabarau.

"Wannan amon na tsakiya, wa zai danna shi?" ta ce. "Hannuwana biyu sun cika. Ko da hanci kake so in kama?"

Daga falo na ji Kawu ya mayar da dariya tari.

Ta zagaye wuri goma sha ɗaya da fensir. A takarda babu kuskure ko ɗaya, amma babu hannun ɗan Adam da zai iya kaiwa. Ta ce wataƙila wasu daga cikin gwanayen can a teburi suka rubuta, sai dai tun suna yara yatsunsu suke kan abin kiɗa, saboda haka ko sun bar shi a ɗaki, yana cikin hannunsu. Ni kuwa shekarata shida kacal da fara kaɗa piyano. Tunda binciken ya dogara ne a kan fugar, duka biyun suka rushe. Aka ɗaga ni zuwa Disamba.

A mota mahaifiyata ta tambayi abin da ya faru. Na tsara mata bayani mai tsawo. Ta bari na gama.

"Ɗan nan, shekara arba'in ina miya ba na auna gishiri," ta ce. "Amma ban taɓa sauke tukunya ban kai ludayi baki ba. Me ya hana ka ɗanɗana?"

A Yuni ta koma gida. A Disamba ba ta sami dawowa ba, Kawu ne ya nuna mata ni ta waya, cikin rigar.

Har yau ban san amsar tambayar ba, kuma na gaji da nemanta. Abin da na koya shi ne, kada in kwaikwayi yadda gwani yake aiki kafin in yi shekarun da ya yi, kuma kada in ƙi gwada abu don tsoron abin da zan ji.

Abin da na rasa: wata takwas, shafi sittin na bincike, da kujerar mahaifiyata a zauren biki.