Jan Layin Mifleh

Kaf ƙauyensu da ke kudancin Jordan babu wanda ya kai Mifleh sanin ruwan sama, amma ko ɗigo bai taɓa jiƙa shi a bakin aiki ba, don ofishinsu na Amman a ƙarƙashin ƙasa yake, ko taga babu. Aikinsa ɗora taswira kan taswira a kwamfuta: ta ruwan da ya sauka, ta gangaren duwatsu, da hotunan tauraron ɗan'adam. Daga nan sai ya ja jan layi. Duk abin da ya faɗa ciki hanyar ambaliya ce, hukuma ba ta ba da izinin gini.

Tsautsayi ya sa layin ya haɗiye wani fili a cikin kwari, na Baffa Awwad, wanda ya reni Mifleh tun yana maraya.

Ranar Juma'a sai ga tsohon a falo. Mifleh ya zuba masa gahawa, shi kuwa ya dire finjalin a ƙasa bai kurɓa ba. A al'adarsu, baƙon da ya yi haka da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an ce an biya masa ita.

"Ɗana, matsar da zaren nan naka. Ko da faɗin tafin hannu ne."

"Baffa, ba ni na ja shi ba, kwarin ne."

"Kwarin ya iya kwamfuta? Tun ban yi gemu ba nake kiwo a wurin. Ruwan da na gani bai isa wanke fuskar kyanwa ba."

"Wallahi ranar da zai zo, ba zai yi sallama ba."

"Ashe a wurinsa ka koyi hali."

Gahawa ta huce. Tsohon ya gyara mayafi, ya fice.

Ya kuwa gina gida a filin, ba izini ba komai, ya tare da jikokinsa. Yanzu ko an yanka rago an dafa mansaf, shinkafa da naman da ake ci a taro, ba a kiran Mifleh. Limamin Ambaliya ake ce masa.

Duk sanda hadari ya haɗo, yana nan gaban allon kwamfuta, yana kallon shuɗin ruwan sama na rarrafowa wajen ɗigon da ke nuna gidan. In ya buga waya, Baffa ba ya ɗauka. In ruwan ya zo, ya yi gaskiya, ya zauna makoki. In bai zo ba, shi ne maƙaryacin da ya kunyata gemun da ya ciyar da shi.

Bana fari ya tsananta, liman ya kira sallar roƙon ruwa. Mifleh ya je, ya ɗaga hannu tare da jama'a, amma amin ta ƙi fita daga maƙogwaronsa.