Baƙin da na tsayar a bakin layi ranar ta'aziyyar Yaya Usman

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Usman, amma sai Juma'ar da ta wuce na taka wurin da ya fi so a Jidda.

Yaya direban motar ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa. A can ya saba da abokan aikinsa 'yan Filifin, masu buga besbol kowace Juma'a bayan la'asar a wani ɗan fili bayan sitocin unguwar masana'antu. Wasa ne na dukan ƙwallo da sanda, sannan a zagaye kusurwa huɗu a guje. Yaya bai taɓa bugawa ba, gwiwa ta hana. Aikinsa shi ne zuba farar ƙasa a layuka da gwangwani mai huda, sai ya zauna da shayinsa yana yi wa alƙalin wasa gardama. A gida mun sha yi masa tsiya: kaf Hausawan Sudan suna kan ƙwallon ƙafa, shi ya je ya zaɓo wasan da ba mai gane kansa.

Rana ta biyu ta zaman makoki, mun jera kujeru a ƙofar gidanmu a Sharafiyya, sai ga mutum tara daga 'yan Filifin nan cikin jajayen rigunan wasa, ɗauke da furanni. A wurinsu girmamawa ce. Ni kuwa kunyar dattawan unguwa ta rufe ni. Na tare su a bakin layi, na karɓi furannin, na ce da Larabci, "Shukran, halas," wato na gode, shi ke nan. Ban ba su kujera ba, balle gahawa. Suka juya suka tafi. Abin ya daɗe yana cina a rai, domin Yaya ko mai duba mitar lantarki ba ya bari ya wuce bai sha ruwa ba.

Juma'ar nan, haƙuri na je ba su a filin, ina fargabar kada in tarar kowa ya koma ƙasarsa.

Filin ya sauya daga yadda Yaya ke ba mu labarinsa. An kewaye shi da waya, an shimfiɗa ciyawar roba, layukan ma fenti ne, ba ruwan kowa da gwangwani. Da Yaya zai leƙo, na san zai yi tsaki ya ce layin hagu ya karkace, sannan ya nemi inuwa ya zauna.

Cikin tara ɗin, ɗaya kawai na samu, Rodel, kai ya yi fari fat. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ƙanin Usman ne, ko? Ma'alesh, ya wuce. Yalla, zo ka gani."

Ya kai ni benci na uku. A jikinsa an rubuta USMAN da farin fenti.

"Mun tambayi inda kabarinsa yake," in ji shi cikin guntun Larabcinsa, "aka ce a nan ba a sa suna a kabari. Shi ne muka sa a nan. Duk shekara ina sabunta shi."

Gaskiya aka faɗa musu. Ni ƙaninsa, da ni aka sa shi a ƙasa, amma yau ba zan iya nuna kabarin ba. Addu'a muke bin sa da ita, ita ce kuma mai amfaninsa, Allah Ya jiƙansa. Sai dai a duk faɗin Jidda, wuri ɗaya ne mai wucewa zai karanta sunan Yaya, kuma mutanen da na kora ne suka rubuta shi.

Rodel ya yafe. Sauran takwas ɗin sun tafi ba su ji haƙurina ba.